Markaɗen gyaɗa na shafa burodi: mai ya taso sama, ƙasa ya yi tauri, ya za a yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah masu sanin abin ku taimaka min, na yi markaɗen gyaɗa mudu biyu saboda yara suna son shafawa a burodi kafin su wuce makaranta, ranar da na yi ta sumul take gwanin sha'awa, to yanzu na buɗe robar sai na ga mai ya taso ya kwanta a sama, ƙasan kuma ya yi tauri cokali ma da ƙyar yake shiga. Lalacewa ta yi ne? Ban sa mata komai ba sai ɗan gishiri. Sannan ina ya kamata ta zauna, firij ko kicin?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Ba abin da ta yi, ki tsiyaye man ki yi miya da shi kawai

Hajiya Mai Ƙuli: A'a Ummu Sadiq kar ki sa ta tsiyaye. Maman Ilham 'yata, gyaɗarki lafiyarta lau, wannan man da kika gani shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Ita gyaɗa kusan rabinta mai ne, in aka niƙa ta aka ajiye dole garin ya nutse man ya hau sama, haka Allah ya yi ta. In kika zubar da man to abin da ya rage ba zai ƙara shafuwa ba, zai bushe ya dinga marmashewa yana yaga wa yara burodi. Ki juye duka a kwano mai faɗi busasshe, ki sa muciya ki tuƙa har sai man ya koma ciki, sannan ki mayar.

Maman Ilham: Na gode Hajiya Allah ya ƙara girma. Wlh har na fara tunanin zubarwa

Ummu Sadiq: To ni dai haka nake yi Hajiya kuma ban taɓa ganin matsala ba

Hajiya Mai Ƙuli: Ke ai ta miyar taushe da kunu kike yi, a ruwa za ki dama ta ko ta yi tauri ba komai. Ita ta shafawa take so.

Anty Bilki: Hajiya ta gama magana. Ni sana'ata ce, daga Barnawa nake kai wa mutane har Malali da Unguwar Dosa, kuma wannan tambayar ita ce ta fi kowacce zuwa min a waya, "Anty mai ya fito a sama ko haɗi kika yi mata", alhali rashin haɗin ne ma ya sa ya fito. Ta kanti da kuke gani wata da watanni ba ta motsi, ku juya kwalbar ku karanta bayanta, yawanci akwai wani mai da aka daskarar a kamfani ko man ja da aka tace, shi ke riƙe man gyaɗar ya hana shi tasowa, ga sukari kuma. A Amurka ma doka ce sai gyaɗa ta kai kashi 90 cikin 100 kafin a sa mata sunan botar gyaɗa, to sauran goman nan a nan ake zuba waɗannan abubuwan. Tamu ta gida gyaɗa ce zalla da gishiri shi ya sa take rabuwa.

Anty Bilki: Dabarar da nake gaya wa kwastomomina, in kin tuƙa kin rufe sosai ki kife kwalbar murfi a ƙasa, bayan kwana biyu uku ki mayar da ita daidai. Man zai dinga ratsawa ta cikin gyaɗar yana neman sama, ba zai samu zama wuri ɗaya ba balle ƙasa ya daskare. Amma fa murfin ya zama mai kamawa, in ba haka ba za ki tarar da kanta ta jiƙe da mai.

Maman 'Yan Biyu: Ni firij nake sa tawa daga tuƙawa, ba ta sake rabuwa sam

Anty Bilki: Eh firij na hana ta rabuwa saboda sanyi na kama man, kuma ta fi daɗewa nesa ba kusa ba

Hajiya Mai Ƙuli: Firij da wace wutar? Ni nan Tudun Wada ba na ba kowa shawarar firij sai mai sola ko wadda ta san wutarsu na zama. Ku lura da kyau, in wuta ta ɗauke firij ya huce, duk abin da ke ciki gumi yake yi, ki buɗe murfin za ki ga ɗigon ruwa a jikinsa ta ciki, shi ne yake ɗiga kan gyaɗar. Gobe a kawo wuta ta yi sanyi, jibi a ɗauke ta sake gumi. Wannan ya fi barinta a waje illa. Gyaɗa ba ta tsoron komai kamar ruwa. Mun taso iyayenmu na ajiye markaɗe a kwanon sha mai murfi a ƙuryar ɗaki inda rana ba ta kaiwa, ba firij ba komai, kuma ba ya fumfuna.

Maman 'Yan Biyu: Amma Hajiya lokacin zafi fa? Watan Maris da Afrilu a Kawo kicin ɗina kamar gidan burodi yake, in na bar ta a waje ba ta kai wata take fara wani maƙaƙi a maƙogwaro

Hajiya Mai Ƙuli: Shi ya sa ba a kicin za ki ajiye ba 'yata. Kuma lokacin zafi a rage yawan da ake niƙawa.

Malama Hauwa: Salam, bari in sa baki don ina ganin Hajiya da Maman 'Yan Biyu kowa da gaskiyarta, lalacewar ce iri biyu ake haɗa su. Akwai fumfuna, wannan ruwa ke kawo ta. Markaɗen gyaɗa da aka soya da kyau kusan babu ruwa a cikinsa shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa samun damar yaɗuwa, amma da zarar jiƙaƙƙen cokali ya shiga ko gumin murfi ya ɗiga, wurin ya zama gonarsu. Sai kuma ta biyu, wato maƙaƙin nan da warin tsohon mai, wannan ba ruwansa da fumfuna, iska ce take cin man a hankali, kuma zafi da hasken rana da tsatsar ƙarfe duk suna hanzarta shi. To firij na rage na biyun sosai, amma firij mai ɗaukewa da kawowa yana jawo na farkon. Mai tsayayyar wuta ta sa a firij ko ma firiza za ta yi watanni, wadda ba ta da ita ta bi maganar Hajiya, ta yi daidai wanda za a cinye cikin sati uku zuwa wata ɗaya, ta ajiye nesa da risho da gas da taga.

Maman Ilham: Malama to ya zan gane ta fara wannan maƙaƙin tun kafin in ba yara?

Malama Hauwa: Hancinki zai gaya miki. Ƙamshin soyayyar gyaɗa zai gudu sai ki ji wani wari kamar na fenti, in kin ɗanɗana kuma ɗaci-ɗaci yana kama maƙogwaro. In ta kai nan tuƙi ba ya gyara ta. In kuma kika ga fari-fari ko kore-kore ko da a gefe ɗaya ne, kar ki kwashe saman ki ci sauran, duka za ki zubar.

Ummu Sadiq: Duka kuma Malama? Da tsadar gyaɗar nan? Ai in aka kwashe wurin aka tafasa sauran a miya wuta ta kashe komai

Malama Hauwa: Wallahi Ummu Sadiq na san da ciwo, amma wannan ne wurin da ba na sassautawa. Fumfunar gyaɗa da masara akwai irin da ke fitar da guba ana ce mata afalatoksin, kuma ita gubar tafasa ba ta kashe ta, suya ma rage ta kawai take yi. Ba ta da ɗanɗano balle ki ji. Hanta take ci a hankali, tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar hanta, musamman ga wanda dama yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma kun san yadda yake da yawa a cikinmu. A 1960 aka fara gano ta a Ingila lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa da aka kawo daga Brazil. A 2004 kuma a Kenya mutum sama da 100 suka rasu saboda masarar da ta kamu. Ba don in tsorata kowa ba, amma abin da za ki ba yaro kullum da safe ya cancanci ki tsaya a kansa.

Malama Hauwa: Kuma ma yawanci tun daga ƙwayar ake shigo da ita gida, ba a kwalba take farawa ba. Gyaɗar da aka shanya a ƙasa ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, ko aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Shi ya sa tsincewa ta fi komai. Duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko kin fasa kin ga cikinta ya canza kala, fitar da ita, kuma kar a ba kaji ko awaki.

Hajiya Mai Ƙuli: Allah ya yi miki albarka Malama. Abin da nake faɗa wa yaran da ke taya ni aiki kenan, ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana ɓata mudu guda. Ni a faranti nake bazawa da rana tsaka ina gani da idona, sau biyu, kafin suya da kuma bayan an murje ɓawon, don wata sai an cire jar rigar ake ganin ɓacinta. Kuma ku daina sayen ɓararriyar gyaɗar nan ta ƙasan buhu don an ce ta fi araha, ita ce matattarar duk wani ɓaci.

Maman Khalifa: Gsky na ƙaru. To ni tawa matsalar daban ce, tun daga injin take fitowa da kauri kamar tuwo ba ta taɓa yin ruwa-ruwan nan irin ta Anty Bilki ba, a Kasuwar Bacci nake sayen gyaɗar kuma mai kyau ce

Anty Bilki: Suyarki ce ba ta kai ba, ko kuma sau ɗaya ake zuba miki a inji. Gyaɗa in ba ta soyu har ciki ba ba ta sakin mai. Ki soya da wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa, da yashi mai tsabta ko a oben, har sai kin murza ɓawon ya fita da kansa cikin ya yi ruwan zuma, ba fari ba kuma ba ƙonewa ba. In sabuwar gyaɗa ce ta kaka ki ƙara shanya ta kwana biyu tukun don tana da danshi. Sannan ki kai inji da ɗan ɗuminta, ki ce a maimaita sau biyu ko uku, a na ukun za ki ga tana zuba da kanta. In bulenda ce kuma kaɗan-kaɗan za ki dinga zubawa kina hutar da ita kar ta ƙone, da farko za ta zama gari, sai ta dunƙule, ki yi haƙuri ki ci gaba za ta sake.

Maman Khalifa: Ni in ta dunƙule ɗin nan ruwa nake ɗan yayyafawa don ta saki

Anty Bilki: Innalillahi, to ai shi ne! Ruwa ƙara ɗaure ta yake yi. In dole sai kin taimaka mata to man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu, ba ruwa ba

Hajiya Mai Ƙuli: Maman Khalifa abin da kike yi shi muke yi in za mu fitar da mai. Ruwan zafi muke yayyafa wa markaɗen muna tuƙawa, sai garin ya haɗe jikinsa ya saki man, abin da ya rage shi ne tunkuza da muke yin ƙuliƙuli da ita. Kin ga kenan ke da kanki kike raba su. Kuma tunkuza ba ta ajiyuwa saboda ruwan da ta sha, shi ya sa muke soya ta a ranar.

Maman 'Yan Biyu: Yawwa Hajiya tunda kin taɓo nan, ni abin da ke ci min rai masu sayar da gyaɗar miya a ƙulle a leda, wasu sai sun matse man sun sayar daban sannan su ƙulla mana sauran a kuɗin cikakkiya, ki kawo gida kwana kaɗan ta yi tsami

Ummu Sadiq: Ba duka ba dai, kar a yi musu kuɗin goro, akwai masu tsoron Allah. Maƙociyata a Rigasa da shi take riƙe marayu kuma ba ta rage komai

Maman 'Yan Biyu: Ai cewa na yi wasu

Hajiya Mai Ƙuli: Sayar da wadda aka rage wa mai ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye, akwai masu ma fi son ta a kunu don ba ta da nauyi. Ɓoyewar ce haramun. Kuma ganewa ba wuya, ki danna ledar da yatsa, cikakkiya tana da laushi tana sheƙi kuma za ki ga mai a kusurwar ledar, wadda aka matse kuwa a dunƙule take ba ƙyalli.

Admin: Dan Allah a tsaya kan tambaya, kar a kama sunan kowa ko shagon kowa

Sista Rabi: Ina ta karantawa daga wurin aiki. Maganar ruwa da Malama ta yi ita ce gaskiyar abin, ku duba abincin nan na leda da muke ba yara masu tamowa a asibiti, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, yana kai shekara biyu ba firij in ba a farke ledar ba, kuma dalili ɗaya ne, babu ruwa a ciki kuma iska ba ta shiga. Shi ya sa muke hana iyaye dama shi da ruwa su ajiye. Abin da nake so in ƙara shi ne tsabtar injin markaɗe. Rashin ruwa yana hana ƙwayar cuta yaɗuwa amma ba ya kashe wadda ta riga ta shiga, tana iya zama a ciki wata da watanni, kuma ita wannan ba dafawa za a yi ba kai tsaye za a shafa wa yaro. A Amurka tsakanin 2008 da 2009 mutum sama da 700 suka kamu da rashin lafiya, 9 suka rasu, saboda ƙwayar salmonela a botar gyaɗar wani kamfani. To ina ga injin unguwa da aka gama markaɗa kayan miya ko wake aka ɗauraye da ruwan bokiti ɗaya tun safe?

Maman Ilham: Subhanallah, ni kam injin layinmu na kai, na ga dai ya goge da tsumma

Anty Bilki: Ki nemi masu injin gyaɗa zalla, akwai su wajen masu ƙuli, su ba sa sa ruwa a injinsu. In babu, ki je da sassafe kafin a fara markaɗen jiƙa, ki tabbatar a bushe yake, ki ba shi gyaɗa hannu ɗaya ya fara wucewa da ita ki ware wannan ta miya. Kuma ki je da robarki busasshiya.

Anty Bilki: Sannan wani abu da mutane ba sa lura, tana fitowa daga inji da zafi sosai, in kika rufe nan take to kin dafa mata gumi a murfi. Ki bar ta a buɗe ki yafa mata kyalle mai tsabta har ta huce gaba ɗaya sannan ki zuba a kwalba. Ni kwalbar gilas nake amfani da ita irin ta mayonis, in wanke in kife a rana yini guda. Roba tana riƙe warin abin da ya taɓa zama a ciki, gwangwani kuma yana tsatsa.

Maman Khalifa: Zuma fa? Yarana ba sa ci sai da zaƙi

Malama Hauwa: Kar ki zuba a babbar kwalbar. Zuma akwai ruwa a cikinta kusan kashi 17 zuwa 18 cikin 100, tana shiga za ki ga gyaɗar ta ɗaure. Ki ɗebi wadda za a ci ki haɗa a ɗan kofi lokacin. In sukari ne ki niƙa shi ya zama gari tukun don ba ya narkewa a mai, za a dinga jin shi ƙurus-ƙurus.

Sista Rabi: Kuma ban da zuma ga jaririn da bai kai shekara ba. Ita ma gyaɗar kar a ɗebo da kauri a cokali a tura wa ƙaramin yaro, tana liƙewa a maƙogwaro, a dama masa a kunu ko a shafa siriri

Ummu Sadiq: To ni yanzu tambayata lokacin hunturu, tawa ko a waje take sai ta yi tauri da safe

Hajiya Mai Ƙuli: Wannan sanyi ne kawai, rana na ɗagawa za ta saki. Hunturu ma ai shi ne lokacin da ta fi daɗewa, ga sabuwar gyaɗa ga iska a bushe. Watan Agusta ne abin tsoro, lokacin da ko gishiri jiƙewa yake a kicin, a nan ne nake cewa kowa ta yi rabin mudu ta ga bayansa kafin ta sake.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai Hajiya ki yi haƙuri ina nan kan firij ɗina, muna da sola kuma ba zan iya zuwa inji duk sati biyu ba. Abin da nake yi in raba ta ƙananan kwalabe, ɗaya a waje ana ci sauran a firiza, in wadda ke waje ta ƙare in fito da wata tun dare in bar ta a rufe har ta huce, in goge jikin kwalbar sannan in buɗe

Hajiya Mai Ƙuli: In haka kike yi ba ni da ta cewa, tunda ba ki buɗewa da sanyinta. Amma mutum nawa ne a gurup ɗin nan ke da sola?

Maman Ilham: Mu kam ba mu da ita. Na tuƙa yanzu ta haɗe Alhamdulillah, na shinshina ba wari. Amma mudu biyun nan ba za mu cinye a wata ɗaya ba, zan raba biyu in yi ta miya da kunu da rabi. Anty Bilki kifewar nan ko a roba mai murfin dannawa za ta yiwu?

Anty Bilki: A'a kar ki gwada, zai zube. Sai mai murfin murɗawa. Ki samu kwalba ki juye, ki ware mata cokalinta ita kaɗai, kuma ki hana yara tsoma wuƙar da ta taɓa shayi ko ɓurɓushin burodi a ciki, ke ki dinga ɗebar musu a faranti.